A Bar Mai Kunya Ya Sa Kaki: Martani ga Shawarar Malam

Na karanta amsar da Malam ya ba wani uba a shafinsa na shawarwari, kuma ban ga ya dace a bar ta ta wuce ba a ce komai ba. Ga wanda bai gani ba, ga yadda maganar take. Uban ya rubuto cewa ɗansa ya gama sakandare da sakamako mai kyau, ya kuma kafe a kan shi ɗan sanda yake son zama, idonsa na kan makarantar 'yan sanda ta Wudil. Abin da ke hana uban barci shi ne halin yaron. Mai kunya ne ƙwarai. In an yi baƙi sai ya durƙusa ya gaishe su kansa a sunkuye, ya shige ɗaki. Ba a taɓa kawo ƙararsa daga unguwa ba. In ana hira a zaure shi ne na ƙarshen sa baki, wani lokaci ma har a watse bai ce uffan ba. Malam ya ba da shawarar a lallaɓa yaron a karkatar da shi zuwa koyarwa, ko aikin akanta, ko harkar kwamfuta. A ganinsa aikin ɗan sanda na masu buɗaɗɗen ido ne, masu muryar da in suka daka tsawa ɓarawo zai daskare a inda yake. Mai kunya kuwa, in ji shi, abokan aiki za su taka shi, masu laifi su raina shi, ya ƙare a wulaƙance. Ya ɗaure zancen da karin maganar nan ta tsoro na daji, kunya na gida.

Malam babba ne a wurina, kuma na san tausayin uban da ɗan ne ya sa ya faɗi abin da ya faɗa. Amma shawarar ta kauce hanya, kuma ɓarnarta ba za ta tsaya a gida ɗaya ba. Iyaye da yawa suna da irin wannan yaro, kuma za su ɗauki amsar tamkar su aka ba.

Ɗan sandan da Malam ya siffanta mun san shi sarai. Shi ne muke tararwa a shinge yana buga bayan mota da tafin hannu, shi ne ke fizgar makullin mai babur tun kafin ya ce masa komai. Wannan siffa gado ce, kuma an san inda aka gaje ta. A 1861 Turawan Birtaniya suka kafa masu gadi mutum talatin a Legas. Bayan shekara biyu wani jami'insu mai suna Glover ya tara Hausawa ya ba su makamai, aka riƙa amfani da su a ƙasar da ba tasu ba, cikin mutanen da ba su jin harshensu. Abin da ake so daga gare su shi ne a ji tsoronsu. Daga irin waɗannan rundunoni aka haɗa 'yan sandan Najeriya a 1930. A Arewa kuma akwai dogarai, akwai kuma 'yan dokan En'e waɗanda suka ci gaba da aiki har sai da gwamnatin Gowon ta narkar da su cikin rundunar tarayya a ƙarshen shekarun 1960. Dattawan da suka yi jam'iyyar NEPU suna da labarin abin da kulkin ɗan doka ya yi musu. Saboda haka idan Bahaushe ya rufe ido ya ga ɗan sanda a matsayin mai tsawa da duka, tarihi ne ya koya masa. Kuskuren Malam shi ne ya ɗauki ciwon da ke damun aikin ya mayar da shi sharaɗin shiga aikin.

Mun kuma ga abin da wannan ciwo ya jawo. A watan Yuni na 2005 'yan sanda suka kashe matasa shida a Abuja, waɗanda aka fi sani da 'yan Apo shida, aka ce 'yan fashi ne. Sai a 2017 kotu ta yanke wa jami'ai biyu hukuncin kisa a kan lamarin. A watan Oktoba na 2020 matasa suka cika tituna suna neman a rushe rundunar 'yan sanda ta SARS, har Sufeto Janar na lokacin, Mohammed Adamu, ya sanar da rushe ta ranar 11 ga watan. Koke-koken da aka riƙa kaiwa gaban kwamitocin binciken da jihohi suka kafa bayan haka na duka ne, da ƙwacen kuɗi, da tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, da kisa. Kowane ɗaya daga cikinsu aiki ne da mutum ba ya iya yi sai ya fara tuɓe kunya ya ajiye. Rundunar da wannan ne kukan jama'a a kanta, ta yaya za a ce abin da ta fi buƙata shi ne ƙarin masu buɗaɗɗen ido?

Ina roƙon Malam ya bar shinge ya biyo ni cikin caji ofis, domin a can ne mafi yawan aikin yake. Akwai kanta mai tsawo, da ƙaton littafin da ake rubuta duk abin da ya faru da lokacinsa, da allo a bango mai nuna yawan waɗanda ke tsare. A gefe guda ga takalma da bel na mutanen da ke bayan kanta an tara. Ga benci. A kan bencin wata mata ce da hijabi, riƙe da hannun 'yarta mai shekara takwas ko tara. Ta zo ne a kan abin da wani maƙwabci ya yi wa yarinyar. Kafin ta fito daga gida sai da ta yi gardama da surukarta, wadda ta ce a rufa asiri a bar wa Allah. Ƙafarta ɗaya a ciki take, ɗaya a waje. Idan wanda ke kan kanta ya ɗaga murya ya ce ta faɗi abin da ya kawo ta, ga 'yan kallo, ga masu jiran beli suna saurare, wannan mata za ta ce ɓatan waya ta zo kawo rahoto, ko ta ja 'yarta su fice. Shari'ar ta mutu ke nan tun ba a buɗe fayil ba, maƙwabcin kuma yana nan yana jiran wata yarinyar.

Yanzu a sa yaron nan da ake magana a kansa a wurin. Shi ya san nauyin da ke danne harshe a gaban mutane, domin da shi yake kwana yake tashi. Zai lura da yadda matar ke murza bakin hijabinta. Zai ja ta gefe, ko ya nemo mace 'yar sanda, ya ba yarinyar ruwa, ya yi tambaya ɗaya ya jira. Jiran nan shi ne abin da mai surutu ba ya iyawa. Shiru na minti ɗaya yana ƙona shi, sai ya cike gurbin da nasa zancen, ya sa wa mai ba da shaida magana a baki. Duk wanda ya taɓa zama a ruga ya san saniyar da aka firgita riƙe nononta take yi, komai ƙarfin hannun mai tatsa. Haka mai shaida yake. Sannan ga rubutun kansa: matar da Hausa take bayani, shi kuma da Turanci zai rubuta sitatimen, ya karanta mata ya fassara, ta dangwala yatsa. Kalma ɗaya da aka sauya a wannan takarda, ko rana ɗaya da aka rubuta ba daidai ba, ta isa lauya ya wargaza shari'ar bayan shekara biyu. Wannan aiki na mai natsuwa ne wanda ba ya gajiya da sake tambaya.

Doka ma ta riga ta juya wa ɗan sandan Malam baya. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi da dama suka yi tasu irinta, ta tanadi a rubuta bayanin wanda ake zargi, ta buɗe ƙofar a ɗauke shi a bidiyo, kuma a yi shi a gaban lauya ko wani shaida da doka ta amince da shi. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya gallaza wa wanda ke hannunsa. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin wadda aka gada tun 1943, ta hana kama uwa ko ƙane a madadin wanda ake nema, ta kuma hana kama mutum a kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Na san tsakanin abin da ke rubuce da abin da ake yi a bayan kanta akwai tafiya mai nisa. Amma yaron da zai shiga yau yana iya yin shekara 35 yana aiki, kuma alƙalai sun riga sun fara watsi da amsa laifin da aka samo da mari. Jami'in da bai iya komai ba sai tsawa, ranar da aka karɓe masa bulala ba shi da sauran sana'a.

Ingila, inda aka kwaikwayo tsarin namu, ta bi ta wannan hanya da ciwo. A 1975 aka ɗaure mutum shida a kan tashin bama-bamai a birnin Bamingham, bisa takardun amsa laifi da aka samu daga wasunsu bayan an lakaɗa musu duka. Sai a 1991 aka sake su, bayan shekara 16, da ta tabbata hukuncin ba shi da tushe. Irin waɗannan shari'o'i suka sa a farkon shekarun 1990 aka sauya yadda ake koya wa 'yan sandan ƙasar yin tambayoyi: a shirya tun kafin a shiga ɗaki, a saki jiki da mutum, a bar shi ya ba da labarinsa har ƙarshe ba a katse shi ba, sannan a ɗora masa hujjojin da suka saɓa da abin da ya faɗa. Duk wanda ya karanta wannan tsari zai ga halin da ake nema, kuma ya fi kusa da na ɗan wancan uba fiye da na gwarzon da Malam ke so.

Akwai kuma ɗimbin 'yan sandan da jama'a ba sa gani. A watan Oktoba na 2019 rundunar Kano ta sanar da gano yara tara da aka sace daga jihar aka kai Anaca aka sayar, wasu har an sauya musu sunaye. Bin sawu daga tashar mota a Kano har cikin gidaje a jihar Anambra ba da murya ake yin sa ba, da haƙuri ake yi da riƙe sirri. Akwai masu bin diddigin layukan waya a shari'ar garkuwa da mutane, akwai masu binciken zanen yatsu, akwai cibiyar yaƙi da laifukan intanet a Abuja, akwai kwalejin horar da 'yan sandan ciki a Inugu. Malam ya ce a tura yaron harkar kwamfuta, alhali rundunar kanta tana neman masu wannan ilimi ido rufe. Marigayi M. D. Yusufu, jikan Sarkin Katsina Dikko, wanda ya riƙe rundunar daga 1975 zuwa 1979, ta sashen leƙen asiri ya taso, sashen da jarinsa kunne ne da ido da kame baki.

Sai karin maganar da Malam ya jingina da ita. Ban ƙi ta ba, amma ba ta ce abin da yake so ta ce ba. Ita ta raba tsoro da kunya ne, ta ba kowanne wurinsa, shi kuwa ya haɗa su ya mai da su abu ɗaya. Uban bai ce ɗansa matsoraci ne ba. Bai ce yana gudun duhu ko jini ba, bai ce yana ɓuya in an yi ihun ɓarawo ba. Cewa ya yi ba ya son idon mutane. Hausawa kuwa sun daɗe da cewa shiru-shiru ba tsoro ba ne, kuma kowace unguwa ta san yaron da ba a jin muryarsa amma shi ne ya fara shiga gidan da gobara ta kama, yayin da masu baki ke waje suna ba da umarni. Ban da haka, da yawa cikin abin da ake kawowa caji ofis rikicin gida ne: miji da mata, maƙwabta a kan magudanar ruwa, 'yan'uwa a kan gado, uban gida da yaron shago. Wanda zai shiga irin waɗannan sai mai kunyar idon mutane, wanda ba zai ɗauki asirin gidan wani ya kai teburin mai shayi ba.

Na yi mamaki ma da Malam, wanda ya fi ni sanin addini, bai tuna da abin da ya zo a hadisi ba, cewa Manzon Allah (SAW) ya tarar da wani Ba'ansare yana yi wa ɗan'uwansa faɗa a kan yawan kunya, sai ya hana shi, ya kuma danganta kunya da imani. Sayyidina Usman ɗan Affan da kunya aka san shi a cikin sahabbai, kuma ya riƙe halifanci shekara 12. Annabi Musa (AS) ya san harshensa na da nauyi, ya roƙi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna, amma shi ɗin dai aka aika gaban Fir'auna.

Ba na cewa hanyar za ta yi wa yaron sauƙi, kuma a nan Malam yana da gaskiyar da ba zan take ba. Sabon jami'i ba shi yake zaɓar inda za a tura shi ba. Yana iya mafarkin ɗakin bincike a kai shi sintiri ko ba da hannu a mahaɗar kasuwa. Zai tsaya a fili ya ba da umarnin fareti da ƙarfin murya. Zai tare taron da ya kama ɓarawon waya ana shirin sa masa taya, ya ce kowa ya ja baya, kuma dole a ji shi. Zai shiga akwatin shaida lauya ya titsiye shi a gaban alƙali, yana neman ya ruɗa shi. Shekarunsa na farko za su fi na abokansa wuya, wannan babu shakka. Amma duk waɗannan abubuwa ne da ake koya. Wanda ya shiga Wudil shekara biyar zai yi kafin ya fito da digiri da anini ɗaya a kafaɗa, kuma cikin shekarun nan kullum sai ya yi fareti, ya amsa tambaya a aji, ya jagoranci 'yan'uwansa in layi ya zo kansa. Mun ga malaman firamare da limamai da suka fara aiki gwiwa na rawa, yau suna tsayawa gaban ɗaruruwa. Murya tana buɗewa da yawan amfani. Abin da na fi shakkar a iya dasa wa mutum a filin fareti shi ne jin nauyin zaluntar wanda ba shi da gata. Wannan daga gida ake zuwa da shi. A duba ma sharuɗɗan ɗaukar kurtu: shekara 18 zuwa 25, kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, tsayin mita 1.67 ga namiji da 1.64 ga mace, lafiyar jiki, da rashin tabon laifi. Babu inda aka nemi kaifin baki.

Tambayar da ya kamata Malam ya mayar wa uban ita ce: shin yaron nan ya iya cewa a'a? A nan ne haɗarin gaskiya yake, kuma a nan ne ake rarrabe mai kunya da mai rauni. Akwai wanda jin nauyin mutane ya yi masa yawa har ba ya iya ƙin abin da aka roƙe shi. Irin wannan, ranar da kawunsa ya zo ofis ya ce a saki ɗan abokinsa da aka kama da wuƙa, zai saki. Ranar da na gaba da shi ya ce kowa ya kawo kason shinge, zai kawo. Ranar da aka miƙo masa takardar da aka sauya wa kwanan wata aka ce ya sa hannu, zai sa, ya koma gida yana cizon yatsa. Idan haka ɗan yake, to ni ma ina tare da Malam, kada ya shiga. Sai dai wannan rauni ba a fuska ake gane shi ba, kuma masu surutu ba su tsira daga gare shi ba. Da yawa cikin masu daka wa talaka tsawa a titi su ne masu rawar jiki a gaban oga. Uban ya fi kowa damar sanin amsar, domin shekara 17 ko 18 yana kallon yaron. Ya tuna: an taɓa aiken sa kasuwa mai shago ya yi kuskuren ba shi canjin da ya wuce, ya mayar ko ya yi shiru? Da abokai suka haɗa baki a kan satar jarrabawa, ya bi su? Ya taɓa faɗa wa mahaifinsa gaskiyar da ya san za ta jawo masa faɗa? Ita kanta wannan kafewa da ya yi, yana mai kunya amma ya dubi uban da yake jin nauyi ya ce ga abin da yake so, ya kuma ƙi sauyawa, shaida ce da bai kamata a raina ba.

Dole in ware wani abu daban. Idan abin ya wuce kunya, yaro ba ya iya fita daga ɗaki, zuciyarsa na bugawa gumi na keto masa in zai gaida mutum, har ya bar zuwa makaranta saboda haka, wannan lalura ce da likitoci suka sani kuma suna da maganinta. Sai a kai shi a duba shi kafin a yi maganar kowane irin aiki. Amma abin da uban ya bayyana bai kai nan ba. Yaron ya yi makaranta ya gama, yana gaida baƙi, yana zama a zaure.

Abin da ya fi ba ni takaici a amsar Malam shi ne ta ɓata tawada a kan abin da ba shi ne abin tsoro ba, ta tsallake waɗanda suka cancanci a ji tsoronsu. Aikin nan ana mutuwa a cikinsa. Mutanen Kano ba za su manta da Juma'ar 20 ga Janairu 2012 ba, ranar da aka kai hari hedikwatar shiyya ta ɗaya da Bompai da wasu ofisoshi, aka rasa fiye da mutum 150, cikinsu har da 'yan sanda da dama. Har yau ana yi wa jami'ai kwanton ɓauna a hanyoyin Zamfara da Katsina da Neja. Albashin ƙananan ma'aikata ba ya kai wata. Duk wanda ya leƙa bariki ya ga rufin da ke yoyo da iyali guda a ɗaki ɗaya. Tsoffin 'yan sanda sun sha fitowa zanga-zanga a Abuja a kan fanshon da ba ya riƙe su. Ana iya ɗauke mutum daga Kazaure a jefa shi Bayelsa ba a tambaye shi ba. Waɗannan ba sa tambayar ko mutum mai kunya ne ko mai baki, harsashi ba ya tantancewa. Su ya kamata uban ya shimfiɗa wa ɗansa ɗaya bayan ɗaya, ba ɓoye-ɓoye, ya ga ko zai ci gaba da cewa yana so. Idan uba ya ce ba zai iya jure ɗansa ya kwana a shinge a dajin Birnin Gwari ba, na fahimce shi, kuma ba ni da bakin ce masa komai. Wannan dalili ne na gaskiya. Amma kada a ɓoye shi a bayan halin yaron, a bar shi ya tashi da tunanin cewa shi ne bai isa ba.

Wannan tunani kuwa yana da tsada. Yaro mai kunya ya riga ya saba jin ana ce masa sanyi gare shi, ba shi da kuzari, ƙanensa ya fi shi wayo. Yau ya yi ƙarfin hali ya zaɓi abu mai wuya da kansa, sai a haɗa baki a lallaɓa shi a juya shi, a kan dalilin da yake tsoro tun yana ƙarami. Ko da ya zama akantan da Malam ke so, zai shiga ofis da yaƙinin cewa manyansa sun auna shi sun ga bai cika ba. Lallaɓawar ma ba ta yi mini ba. Saurayin da ya kai shekarun ɗaukar bindigar gwamnati ya kai a zauna da shi a yi magana a fili.

Mu kuma sauran jama'a muna da rabo a cikin wannan. Kullum muna kukan 'yan sanda ba su da tarbiyya, sannan duk gidan da ya yi wa ɗansa tarbiyya sai ya ce wannan ya fi ƙarfin aikin ɗan sanda, a kai wanda ya gagari kowa. Ana raba guraben ɗaukar kurata ne bisa ƙananan hukumomi 774, kuma gurbin ƙaramar hukumarmu ba zai zauna babu kowa ba. In natsattse bai cike shi ba, wani zai cike, kuma shi za mu tarar a kanta ranar da tamu ta kawo mu. Haka zancen yake game da 'ya'ya mata. Tun 1955 mata ke aikin ɗan sanda a ƙasar nan, amma har yau akwai matan aure a garuruwanmu da za su gwammace su haɗiye zalunci da su bayyana wa namiji baƙo abin da ya same su. Yarinya mai kunya da ta ce tana son wannan aiki, su take shirin yi wa hidima.

Da ni uban ya tambaya, da na ce ya gwada ɗansa kafin ya yanke hukunci, kuma gwajin yana nan kusa da shi. Ya sa shi cikin 'yan agajin masallacinsu, na Fityanul Islam ne ko na Izala ko na Jama'atu, ko kuma Red Cross, ya sa yunifom ya tsare layin mutane ranar Idi, ya ce wa dattijon da ya girmi ubansa ya yi haƙuri ya koma baya. Ya riƙa tura shi karɓo bashi a wurin abokin ciniki mai taurin kai. In rikici ya taso a unguwa ya tafi da shi gaban mai unguwa, ya bar shi ya yi bayanin abin da ya gani. Ya nemo ɗan sandan da ya yi ritaya, irin wanda ya fita da mutuncinsa, ya bar su su biyu su yi hira ba ya wurin. Ya kuma nemi izinin DPO na yankinsu yaron ya zauna a benci yini guda, ya ga masu kuka da masu ƙarya da masu warin bayan kanta. Bayan wata shida na irin wannan, uba da ɗa za su san abin da wasiƙa ɗaya ba za ta iya gaya wa Malam ko ni ba.

Ina roƙon Malam, tunda adireshin uban na hannunsa, ya sake rubuta masa. Ya ce masa ya dakata da lallaɓawar, ya kira yaron ya tambaye shi dalilin da ya sa yake son wannan aiki, domin a duk tsawon wasiƙar da amsarta babu inda aka nuna an taɓa yi masa wannan tambaya.